Malam ko Asibiti? Yadda Addini Ke Taɓa Lafiyar Ƙwaƙwalwar Manya

Duk sanda gidan rediyo ya buɗe layi kan ciwon damuwa, musamman ranar 10 ga Oktoba da aka keɓe don lafiyar ƙwaƙwalwa, ba a rasa mai kira da zai ce mumini ba ya shiga damuwa, wanda ya shiga kuwa ya binciki imaninsa. Kafin a rufe shiri wani zai kira ya mayar da martani, ya ce ai masu ruƙiyya ne ke cinye wa mutane kuɗi da lokaci har ciwo ya yi nisa. To wanne ne gaskiya? Addini garkuwa ne ga hankalin mutum, ko shi ne ke hana shi zuwa asibiti?

Ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin ƙauye, a Sumaila yake ko Gwaram ko Kirikasamma, ba shi da sararin zaɓen ɓangare. Mafi yawan waɗanda ake kawo masa da larurar ƙwaƙwalwa sun riga sun sha rubutu, an yi musu tofi, in sun koma gida kuma za a ci gaba. Aikinsa shi ne ya gane wane ɓangare na imanin majinyaci ne ke tallafe da shi, wace fassara ce kuma ke danne shi ko ke jawo jinkiri.

Kalmar "hauka" ta haɗe abubuwa da yawa

A bakin mutanenmu, mai larurar ƙwaƙwalwa shi ne wanda ke yawo a kasuwa da tsumma. A asibiti kuwa wannan ƙaramin kaso ne.

Akwai baƙin ciki na yau da kullum, na rashi ko asara, wanda ba cuta ba ne. Akwai ciwon damuwa: mutum ya kwashe aƙalla mako 2 kusan kullum cikin ƙunci, abin da ke faranta masa rai ya daina, barci da cin abinci su lalace, ya kasa zuwa gona ko ɗora tukunya. Akwai ciwon fargaba, mai zuwa da faɗuwar gaba da gumi da jin kamar mutuwa ta zo. Akwai taɓin hankali, inda mutum ke jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya kafe kan cewa ana binsa. Sai ruɗewa, wadda ciwon jiki ke haddasawa cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Farfaɗiya kuma cutar ƙwaƙwalwa ce mai zaman kanta, ba hauka ba ce, ba kuma a ɗaukar ta ta yawu.

Ba kasafai Bahaushen karkara ke zuwa ya ce yana cikin damuwa ba. Abin da za a ji shi ne, "kaina ke zafi kamar an hura wuta", "wani abu ke yawo a jikina", "gabana ke faɗuwa", "ba na barci". In malamin asibiti bai yi tambaya ba, sai ya rubuta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, mutum ya dawo bayan mako 3 da kuka iri ɗaya.

Abin da addini ke riƙe wa mutum

Wanda ya iya jinya ya san abu uku ke kare hankalin babba: tsarin rana, mutane a kusa, da ma'anar da yake ba wa abin da ya same shi. Addini yana ba da ukun a lokaci guda.

Salloli biyar suna tashin mutum daga shimfiɗa, su sa shi taɓa ruwa, su fitar da namiji zuwa masallaci. Mai ciwon damuwa abin da ya fi so shi ne ya kwanta a ɗaka ya rufe ƙofa, maganin da ake koyar da ma'aikatan lafiya kuma shi ne a mayar da shi kan ƙananan ayyuka masu lokaci. Ga shi nan an riga an tsara. A sahu ma ake fara gane ciwo, domin in dattijo ya yi kwana 3 ba a gan shi a Asuba ba, liman zai aika a duba. Ga mata, makarantar Islamiyyar matan aure da biki da suna ne ke yin wannan aikin. Haka abin yake ga Kiristocin da ke ƙauyukan kudancin Kano, inda zumuntar mata da ziyarar fasto ke riƙe mutum.

Zaman makoki da gaisuwar mutuwa suna hana mai rashi zama shi kaɗai a kwanakin da suka fi zafi. Imani da ƙaddara yana rage "da na sani", wadda ke cinye zuciyar uwar da ɗanta ya rasu a hanyar asibiti. Haramcin giya da na kashe kai suna tsare rayuka da yawa. Zikiri da karatu a natse suna sassauta numfashi da bugun zuciya, kuma majinyacin da ya ce ayar "da ambaton Allah zukata ke natsuwa" ita ke sa shi barci, ba mai hankalin da zai hana shi.

Inda fassara ke zama nauyi

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Kenneth Pargament, ya raba yadda mutane ke jingina da addini lokacin wahala gida biyu. Akwai mai cewa jarrabawa ce, Allah na tare da ni, zan nemi magani. Akwai mai cewa Allah ya yi fushi da ni, ya juya mini baya. Na farko yakan fi saurin farfaɗowa, na biyu ciwonsa yakan yi tsanani. Abin lura shi ne su biyun suna iya zama a sahu ɗaya.

Ciwon damuwa da kansa yana sauya yadda mutum ke ganin ibadarsa. Yana kashe ƙarfin jiki da natsuwa, sai salla ta yi nauyi, karatu ya ƙi shiga. Mai ciwon sai ya ɗauka imaninsa ne ya tafi. In aka zo aka ce masa "ka ƙara imani", an tabbatar masa da abin da ciwon ke raɗa masa ke nan. Sau da yawa raunin ibadar alamar ciwon ce, kuma in an yi magani ƙarfin ibadar yakan dawo da kansa. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Ma'aikacin jinyar da ya san wannan yana da abin faɗa wa dattijon da ke kunyar hawayensa.

Sai kalmar haƙuri. Kalma ce mai daraja, amma a gidaje da yawa da ita ake rufe bakin mace. Matar da ta binne 'ya'ya biyu, aka yi mata kishiya, ga miji ya tafi cin rani, in ta buɗe baki sai a ce ta yi haƙuri. Haƙurin da addini ya yabi bai hana faɗin ciwo ba. Haka takaba: wata 4 da kwana 10 ne, in ana shigowa ana ɗebe mata kewa tana samun sauƙi, in kuwa aka watse bayan sadakar bakwai aka bar ta ita kaɗai a ɗaki, nan ne ciwo ke kama ta.

Waswasi: inda zaure da asibiti suka yi daidai

A ɗauki magidancin da ke shafe minti 40 a bakin buta. Ya wanke hannu, ya yi shakka, ya sake. Ya tayar da kabbara sau 6. Buta uku ta ƙare, jam'i ya wuce shi, tsakanin yatsunsa ya yi fari ya tsage saboda ruwa. Wani kuma tunanin saɓo ne ke faɗo masa game da Allah, ya tsorata, ya yi ta maimaita kalmar shahada. Wani kullum yana wurin malam yana tambaya ko maganar da ya yi jiya ta zama saki.

Wannan cuta ce sananniya a asibiti: tunani mai naci da ke tilasta maimaita aiki. Maimaitawar tana kawo sauƙi na minti kaɗan, sannan ta ƙara wa shakkar ƙarfi. Maganinta shi ne a horar da mutum ya yi abu sau ɗaya, ya jure rashin natsuwar da za ta biyo baya har ta sauka da kanta, wani lokaci a haɗa da ƙwaya.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya riga ya faɗi haka. A Risala an ce wanda shakka ta aure shi, wato mustankihi, ya yi watsi da ita. Hadisi kuma ya ce mai shakkar alwala kada ya bar salla sai ya ji sauti ko wari. Don haka mafi kyawun abokin aikin nas a nan shi ne malamin da mai ciwon ya yarda da shi. A roƙi malam ya ba da amsa sau ɗaya, in an dawo da tambayar ya ce an riga an amsa. Malamin da ke sake ba da tabbaci kullum saboda tausayi, ciwon yake ciyarwa bai sani ba.

Aljani ne ko zazzaɓi?

Ma'aikacin jinya ba aikinsa ba ne ya yi musu kan samuwar aljanu ko sihiri. In ya fara, iyali za su naɗe tabarmarsu su tafi. Abin da zai ce shi ne, "Baba, ku ci gaba da addu'a, amma bari mu duba jininsa tukuna."

Dalili kuwa, abubuwa da yawa da ake kira shafar iska ciwon jiki ne mai kisa cikin kwanaki. Duk babban da ya ruɗe farat ɗaya, bai san inda yake ba, yana fizge-fizge, musamman da dare, sai an auna zafin jikinsa da hawan jini da sukari, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20, a lanƙwasa wuya a ga ko ya sanƙare, musamman a watannin zafi da sanƙarau ke yawo. A tambayi ko ya faɗi a babur, ko yana shan wani abu. Mai ciki ko mai jego da ta yi jijjiga, hawan jinin ciki ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma allurarta tana asibiti. Hayaƙin da za a turara mata ba abin da zai ƙara sai wahalar numfashi.

Akwai taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a makonni 2 na farko. Ta daina barci, ta yi ta surutu, ta ƙi jaririn ko ta ce ba nata ba ne. Ana yawan cewa iska ta shige ta a wurin wankan jego. Wannan larurar gaggawa ce, kada a bar ta da jariri ita kaɗai, kuma tana warkewa sosai in an kai ta da wuri.

Wani mai wuyar ganewa shi ne ciwon da ke zuwa da rigar addini. Mutum ya kwana yana salla dare 5 a jere ba ya jin gajiya, ya buɗe rumbu ya rabar da hatsin shekara, ya hau wa'azi a kasuwa, ya ce shi ne Mahadi ko ana yi masa magana daga sama. Da farko iyali har murna suke yi, wai ya shiryu. Ma'auni uku ne: yana barci? Yana iya riƙe gidansa da sana'arsa? Abokan ibadarsa, 'yan zawiyarsu ko 'yan masallacinsu, sun yarda abin da yake yi irin nasu ne? In su ma sun ce wannan ya wuce gona da iri, to ciwo ne. Irin wannan mutum yana iya furta kalmar da za ta tara masa jama'a da duwatsu, don haka a janye shi daga kasuwa da wuri, a sanar da liman da mai unguwa halin da yake ciki. Shari'a ta ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo.

Asarar da ta fi kowace ita ce ta lokaci. A fara da malamin gari, a wuce wurin mai ruƙiyya a wani gari, a sayar da akuya, a sayar da buhun gero, a gwada 'yan bori a ɓoye, sai bayan shekara a iso asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kazaure ba ko sisi. Gwargwadon daɗewar taɓin hankali ba magani, gwargwadon wuyar komawar mutum yadda yake. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malam yana kusa, yana sauraro, yana karɓar abin da ya samu. Asibiti kuwa da nisa, ga kuɗin mota na mutum uku, ga layi, ga tsawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya kaf ba su kai 300 ba, mafi yawansu kuma suna birane.

Dalilan da ke sa a ajiye magani

Na farko, gaggawa. Ƙwayar ciwon damuwa ba ta nuna aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kuma bayan an ji sauƙi ana ci gaba da ita wata 9 zuwa 12. In ba a faɗi wannan ranar farko ba, a kwana na 10 za a ce ba ciwon asibiti ba ne.

Na biyu, illar magani da ke kama da aikin aljanu. Magungunan taɓin hankali irin su Haldol da Largactil suna iya sa wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, galibi a kwanakin farko kuma an fi gani ga samari. Uwar da ta ga haka za ta rantse mutanen ɓoye ne suka ƙi maganin. Akwai maganin da ke warware shi cikin ɗan lokaci, kuma akan ba da Artane don hana shi. Sai dai Artane ɗin a damƙa shi hannun babba, domin matasa na shan sa don maye.

Na uku, Asuba. Amitiriftilin, wato ƙwayar ciwon damuwa, da Largactil suna sa barci mai nauyi. Dattijon da bai taɓa rasa jam'in Asuba ba, in ya makara kwana 3 zai jefar da ƙwayar ba tare da ya gaya wa kowa ba. Gyaran mai sauƙi ne: a matso da shan ta zuwa bayan Magariba, ko a koma wurin wanda ya rubuta ya rage.

Na huɗu, azumi. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, amma mutane da yawa ba sa lissafa ciwon ƙwaƙwalwa cikin rashin lafiya. A zauna tun watan Sha'aban a tsara. Maganin sau ɗaya a rana a mayar da shi bayan buɗa-baki, na sau biyu a raba tsakanin sahur da buɗa-baki in likita ya yarda. Mai farfaɗiya kada ya tsallake ko sau ɗaya, domin tsayar da magani kwatsam na iya jawo faɗuwa a jere. Mai shan litiyam, ƙwayar da ake ba mai irin ciwon nan da ke zuwa da rigar addini, yana cikin haɗari in jikinsa ya bushe a azumin bazara. Wanda rashin barci ke tayar masa da ciwo a yi masa maganar tahajjud a fili, ya yi abin da zai iya ya kwanta. Ga wanda ke yawan mantuwa akwai allurar taɓin hankali irin Modecate da ake yi duk mako 2 zuwa 4, kuma malamai da yawa sun ce allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi.

Na biyar, wani ya ce an cire aljanin, a zubar da ƙwayoyin. Bayan wata 2 ko 3 ciwon ya dawo, a ce sabon sammu ne.

Yin aiki da malam

Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba masu taɓin hankali tare. Waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi.

A aikace iyakar a bayyane take. Addu'a, karatu, tofi, sadaka, rubutu da ruwa mai tsabta, duk ba sa karo da magani. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka da sunan korar aljani, shaƙe wuya, turara barkono, hana abinci da ruwa, keɓewa da mace ba muharraminta, da ɗaurin mari. Mutane ba su manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar da sa hannun shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi. Sai dai doka a takarda ba ta kwance wanda aka ɗaure a turke a bayan gida. Wanda ke kwance shi shi ne maganin da ya sa iyali suka daina jin tsoronsa.

Ziyarar liman tana da ladabinta. A je gidansa, a gaisa, a ce, "Allah gafarta Malam, akwai alamomi huɗu da in ka gani muna roƙo ka turo mana a ranar: zazzaɓi da ruɗewa, jijjiga, mai jego da ta sauya, da mai maganar mutuwa." Malamai da yawa sukan karɓa, su ma ba sa son mutum ya mutu a zaurensu, kuma sun san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani.

Tambayar da ake jin nauyin yi

Saboda kashe kai babban zunubi ne, kuma an daɗe ana ɗaukar yunƙurinsa laifi a Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, mai wannan tunani ba ya faɗa. Sai dai ya ce "na gaji da duniya", ko "gara in huta", ko ya fara neman gafarar mutane yana biyan bashi ba tafiya a gabansa. Tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ana yin ta ne daki-daki, bayan an fitar da 'yan rakiya: "Inna, da wannan nauyin, kina jin da ma Allah ya ɗauki ranki?" In ta ce e, "Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?" In ta ce e, "Da me? Yana gida?"

Ba wurin wa'azin wuta ba ne, ta riga ta sani, shi ya sa ta yi shiru tsawon watanni. A tambaye ta abin da ya riƙe ta zuwa yau. In ta ce tsoron Allah da 'ya'yanta, a ƙarfafa wannan. Sannan a kira mutum ɗaya da ta yarda da shi, a kwashe maganin feshi da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga gidan a kai maƙwabta, a rufe rijiya, kada a bar ta ita kaɗai. In an rubuta mata amitiriftilin, na mako 1 kawai za a bayar, a hannun wani, domin yawansa na tsayar da zuciya. A rubuta takardar turawa zuwa Dawanau, ko Kazaure, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a karɓi lambar wayar mai rakiya, a kuma sa ranar dawowa cikin mako guda.